Kunnen Ƙugiya: A Bar Shi Ko A Danne?

Duk wanda ƙugiya ta taɓa nutsewa a yatsarsa ya san kunne, ba sai an nuna masa ba. Shi ne ɗan tsinin nan da aka tsago daga jikin ƙarfen, ƙasa kaɗan da bakin ƙugiyar, ya juya yana kallon baya kamar na kibiyar maharbi ko na zagon Sarkawa. Wajen shiga ba ruwansa, wajen fita ne yake cewa bai san zance ba. A kasuwannin bakin ruwa, ko Yawuri ce, ko Nguru, ko Baga, idan ka ce a ba ka kwalin ƙugiya, mai kunne za a miƙo maka, ba a ma tambayarka. Da yawanmu mun girma ba mu san akwai zaɓi a nan ba. Ƙugiya dai ƙugiya ce, bambancinta lamba kawai.

Ni kaina wani dattijon masunci ne ya fara buɗe min ido a bakin dam ɗin Tiga, ina ɗan makaranta. Mun je mu uku da sandunan fatsa, ya yafuto mu, ya karɓi ƙugiyoyinmu ɗaya bayan ɗaya, ya zaro wata tsohuwar filaya daga aljihun taguwarsa ya matse musu kunnuwa. Raina ya ɓaci, don kuɗin tarana na kwana biyu na zuba a kansu. Na ce, "Baba, ai ka lalata mana su."

Ya ce, "Ɗana, kai za ka riƙe zaren nan, ko ruwa za ka bar wa ajiya?"

Na ce ni zan riƙe.

Ya ce, "To me za ka yi da maigadi kana zaune a ƙofar gidanka?"

Shi kuwa mamarinsa da ke shanye a gefen jirgi, ƙugiya ɗaruruwa, ko ɗaya bai taɓa mata kunne ba.

Tambayar nan tasa ita ce ma'aunin da nake aiki da shi har yau. Kunne ba ya kama kifi. Tsini ne ke hudawa, lanƙwasar ƙugiyar ce ke ɗaukar nauyi. Aikin kunne ɗaya ne tak: ya hana ƙugiya zamowa baya sa'ad da zare ya yi sako-sako. Muddin zaren a miƙe yake, jan da kake yi shi da kansa yake danne ƙugiyar cikin nama, ba ta da hanyar fita ko da sumul take kamar allura. Saboda haka kafin ka tambayi wane kifi kake nema, fara tambayar kanka hannun wa ke kan zare a lokacin da kifin zai kamu.

Inda kunne ya zama dole

Mai mamari ba shi da abin yin shawara. Ka shimfiɗa igiya da magariba, ka ɗaure wa kowace ƙugiya tana ko ɗan kifi ko gutsuren sabulu, ka koma gida ka kwanta, sai asuba ka dawo duba. Tarwaɗar da ta haɗiyi abincin bayan sallar isha tana da dare guda cur na yin yadda ta ga dama. Za ta ja gaba, ta dawo baya, ta murɗa jiki, ta shiga ciyawa, ta kwanta ta huta, ta sake tashi. Duk dawowar da ta yi baya zaren ya saki, kuma babu kowa a wurin da zai ɗame shi. Ƙugiya marar kunne a irin wannan aiki sadakar tana ce kawai ka yi wa kifi.

Haka abin yake ga mai kafa sanda a gaɓa ya ɗaura mata ƙugiya ya tafi gona, da mai sakin gora ko jarka a ruwa da zare a ƙarƙashinta yana bin su daga baya da kwalekwale. Har ma da mamarin nan da ba a sa masa abinci, wanda ake jera ƙugiyoyinsa kusa da juna dab da ƙasan ruwa don su sarƙe kifin da ya zo wucewa. Shi a gefen jiki ko wutsiya yake kamawa, sau da yawa fata kaɗan ya riƙa, in babu kunne girgiza ɗaya ta isa. Sai dai mai irin wannan mamari ya ji tsoron Allah wajen zaɓen inda zai shimfiɗa shi. Ƙugiya ba ta san bambancin ramboshi da ƙafar yaro mai wanka ko hancin saniyar da ta zo shan ruwa ba. A nesanta shi da mashaya da mashigi, a kuma yi masa alama.

Kunne yana da wani aiki na biyu da akan manta da shi: riƙe abincin ƙugiya. Tana tana motsi, ɗan kifi mai rai yana fizga, ruwa yana gudu. A sumul ɗin ƙarfe duk sai su sulale. Wasu ƙugiyoyin ma har ƙananan kunnuwa biyu ake tsaga musu a baya, can wajen doguwar ƙafar, don wannan aikin kaɗai.

Wanda ke ciyar da gida da su, kada ya bari wani ya sa shi jin kunyar kunne. Kifin da ya kama tukunya za shi ko banda, ba komawa ruwa zai yi ba.

Inda yake zama kaya

Labari yana sauyawa da zarar sanda tana hannunka. Mutane suna ɗauka ƙugiya marar kunne ta masu su don nishaɗi ce, waɗanda ke kama kifi su ɗauki hoto su mayar. Masuntan tsibiran Maldif da na Japan masu kama kifin tuna da sanda za su yi wa mai wannan zato dariya. Sana'arsu ke nan, da ita suke ci, kuma ƙugiyarsu ba ta da kunne. Idan suka tarar da garken kifi sai su watsa ƙananan kifaye masu rai, su yi ta fesa ruwa, su jeru a jirgi. Kowa ya cafko kifi sai ya wurgo shi ta bisa kai, yana faɗowa cikin jirgin zaren ya saki, ƙugiyar ta fita da kanta, ta koma ruwa kafin ka ƙifta ido. Garke ba ya jira. Wanda ya tsaya ɓanɓarar kunne daga bakin kifi ɗaya, maƙwabcinsa ya jefo biyar.

Wannan lissafin yana aiki a ruwanmu. Ranar da karfasa ko kawara suka taru suna cin abinci da zafi-zafi, abin da ke rage maka kamu shi ne lokacin da kake ɓatawa kana kokawa da bakin kifi. Da dannannen kunne, juya ƙugiyar kawai za ka yi ta fito. Za ka rasa ɗaya-ɗaya a hanya, gaskiya ne, amma ƙugiyarka ta fi daɗewa a cikin ruwa, kuma a can kifin yake.

Akwai kuma batun shiga. Kunne yana ƙara wa tsini kauri, don haka sai an ƙara ƙarfi kafin ƙugiyar ta nutse har lanƙwasa. Mai siririyar sanda da siririn zare, ko yaro mai ƙaramin hannu, sau da yawa fizgarsa ba ta kai ta tura kunnen ciki ba. Kifin yana rataye ne a kan tsini kawai, ya ɗan girgiza ya tafi, mai fatsa ya ce ƙugiya ba ta da kyau. Da kunnen a danne yake, da ta shige gaba ɗaya.

Sai maganar hannunka. Wanda ya taɓa cire ƙugiya daga bakin kurungu ya san abin da nake nufi. Ƙayoyinsa uku, ɗaya a baya biyu a gefe, yana miƙe su ya kulle, kuma sukarsu tana da raɗaɗi na musamman. Tarwaɗa ma tana da nata a gefe, ga santsi. Gaiwa tana cizo, minjirya kuwa ba a ma son a taɓa ta. Duk daƙiƙar da ka ƙara kana murɗa ƙugiya a bakin waɗannan, dama ka ba su.

Masu kai tarwaɗa kasuwa da ranta su ma su duba. Mai rai a cikin baho ta fi matacciya daraja, kuma wadda aka yage wa baki ko aka fizgo wa maƙogwaro ba ta daɗewa. Mai kiwon kifi da ke son ɗauko ɗaya ya duba girmanta ya mayar, ko mai ajiye iyaye don ƙyanƙyasa, in har sai ya yi da ƙugiya maimakon koma, to marar kunne ce tasa, ba ja-in-ja. Haka nan ƙananan kifayen da ba su isa ci ba. Ɗan giwan ruwa mai tsawon tafin hannu, in aka bar shi, yana iya zama abin da mutum biyu za su ɗauka da ƙyar, tunda irinsa kan haura kilo 100. Mayar da shi ruwa da yagaggen baki daidai yake da jefar da shi a tudu.

Manyan da ke tsalle

A nan ne nake sassauta ra'ayina. Giwan ruwa idan ya ji ƙarfe yakan taso sama ya buɗe wannan makeken bakin ya girgiza kai. Tsage ya fi shi iya shege: bakinsa ƙashi ne da haƙora, ƙugiya ba ta samun wurin zama sosai, ga tsalle kamar an harba shi. Ko da mai kunne, tsage yana tofar da ƙugiya fiye da yadda ake kai shi jirgi. A lokacin tsallen nan zare yakan saki ko da hannunka na kai, don kifin ya fi hannunka sauri. Idan irin waɗannan kake nema a Kainji ko Jebba, kuma ci za ka yi, bar kunnenka. In ya yi girma da yawa, rage shi da magagari ya zama ɗan ƙarami, yadda zai shiga da sauƙi ya kuma riƙe. Kada ka manta da ɗan guntun waya tsakanin zare da ƙugiya saboda haƙoran tsage, in ba haka ba gardamar kunne ba ta ma taso ba.

A ƙasashen da ake kama kifi a saki, hukuma ta shiga maganar. A lardin Biritish Kolombiya na Kanada doka ce: a kogi ko rafi, ƙugiya mai tsini ɗaya marar kunne kawai aka yarda da ita. A Ingila masu tafkunan da ake biya a yi fatsa da yawa suna sa wannan sharaɗi, amma abin mamaki wasunsu akasin haka suke cewa. Hujjarsu ita ce marar kunne tana yawo a cikin ramin da ta huda sa'ad da babban kifi ke kokawa, ta faɗaɗa shi, ta fita ta sake huda wani wuri, don haka sun fi son ɗan ƙaramin kunne. Gardamar ba ta mutu ba har yau. Abin da kowane ɓangare ya yarda da shi, wanda kuma ya fi amfani gare mu, shi ne inda ƙugiya ta kama ya fi kunnenta muhimmanci. Kifin da aka kama a leɓe yakan rayu ko da wace iri ce. Wanda ya haɗiye ta har ciki, ko ta soki jajayen kunnuwansa na numfashi yana zubar da jini, da wuya ya kai labari. Maganin wannan shi ne ka fizga da wuri kada ka jira ya haɗiye, ka kuma ƙara girman ƙugiya. A tuna lambar ƙugiya a juye take: lamba 12 ta fi lamba 6 ƙanƙanta. Akwai kuma wata mai zagayayyen baki, tsininta ya lanƙwaso yana kallon ƙafarta. Ita ko an haɗiye ta takan zamo ta kama a gefen baki, kuma siffarta kaɗai tana riƙe kifi sosai ko an danne kunnen. Ba a fizgar ta, ɗame zare kawai ake yi a hankali. Idan kifin da za ka mayar ya riga ya haɗiye, yanke zaren dab da baki ya fi ka tsaya tono.

Yadda ake danne shi

Ba sai ka sha wahalar neman marar kunne a kasuwa ba, da wuya ma ka samu. Filaya mai siririn baki ta isa, wadda cikin bakinta sumul ne in da hali, don mai zane tana cin ƙarfen. Riƙe ƙugiyar ta wajen ido da hannun hagu. Shigar da tsinin cikin bakin filayar a miƙe, tsawonsa ya bi tsawon bakin, kada ka kama shi a gicciye. Matsa a hankali har ka ji kunnen ya kwanta, ko ya ɓalle da ɗan ƙara. Dalilin bin tsawo shi ne wurin da aka tsago kunnen nan ne ƙugiya ta fi rauni, tunda an ci wani abu daga kaurinta. In ka murɗa a gicciye, tsinin gaba ɗaya yana iya karyewa ya bar ka da guntun ƙarfe.

Yi wannan aikin kafin ka ɗaura ƙugiyar, don in ta karye ba ka yi asarar ƙulli ba. Ƙugiyar kirki, irin ta kamfanin Mustad na ƙasar Nowe da ke ƙera ta da inji tun 1877, takan jure. Masu arhar nan marasa suna kuwa, wasu karyewa suke kamar busasshen kara, wasu kuma laushi gare su har babban kifi yana miƙar da su. Gwada biyu ko uku daga kwali kafin ka bi sauran.

Bayan ka danne, soka ta a bakin tsohuwar riga ka zaro. In ta fito ba ta jawo zare ba, ta yi. In ta kama, ƙara matsawa ko ka goge da magagari. Ɗan tudun da ke saura a wurin kada ka damu da shi, alheri ne, yana ɗan taimakawa wajen riƙo ba tare da yaga ba. Daga nan ka wasa tsinin. Ja shi a kan farcen babban yatsa: mai kaifi yana kamawa, dakusasshe yana zamewa. Wurin da filaya ta kankare yana saurin tsatsa, don haka a shanya ƙugiya ta bushe kafin a mayar gwangwani.

Don kada tana ta sulale, yanko ɗan ƙaramin gutsuren roba daga tsohuwar tub ɗin keke ko silifas, kamar ƙwayar dawa. Bayan ka sa tanar, soka robar a bayanta ta wuce tsini kaɗan. Ta zama marfi.

Riƙon sanda ma sai ya sauya. Ka ɗaga kanta sama ta kasance a lanƙwashe tun daga fizga har kifi ya shigo hannu, don lanƙwasar nan ita ke shanye girgizarsa ta hana zare saki. Sanda mai ɗan laushi ta fi sandararriya a wannan aikin. In kifin ya nufo ka, ja baya ko ka tattara zare da sauri. Yawancin asara a dab da gaɓa ake yin ta, lokacin da mutum ya saki sanda ya kai hannu ga zare. Ka tanadi ƙaramar koma ka kwashe shi yana cikin ruwa, ko ka jawo shi kan yashi a ja ɗaya ba tsayawa.

Idan ta kama mutum

Dalilin da ya sa dattijon nan ya matse mana ƙugiyoyi ke nan, daga baya na gane. Yara uku a wuri ɗaya, kowa yana wurga zare ta bayansa. Marar kunne in ta shiga fata, ta inda ta shiga take fita, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta a ci gaba da harka. Mai kunne kuwa sai an yi dabara, kuma ja da ƙarfin tsiya shi ne mafi muni.

In tsinin ya kusa ɓullowa ta wani gefen, ana ƙarasa tura shi ya fito, a danne kunnen ko a datse shi da filaya, sannan a zaro sauran ta baya. In kuwa ya nutse a nama mai kauri kamar hannu ko cinya, akwai dabarar zare. A yanke zaren fatsar tukuna. A zarga igiya mai ƙarfi a lanƙwasar ƙugiyar, a naɗe bakinta a hannu. Da ɗayan hannun a danna idon ƙugiyar ƙasa ya taɓa fata, wannan shi ke sakin kunnen daga naman da ya riƙe. Sai a fizge igiyar da sauri sau ɗaya, a kwance daidai da fata, ta bayan lanƙwasar. Wanda ke tsaye a wajen ya kauce, don ƙugiyar tashi take yi.

Amma akwai wuraren da ba a gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan: ido da fatar ido, wuya, cikin gaɓar yatsa, da duk inda jijiya ke bugawa. A nan yanke zaren kawai za a yi, a rufe wurin yadda ba abin da zai taɓa ƙugiyar, a nufi asibiti. Ko an cire a bakin ruwa lafiya, ƙarfen da ya sha tana da laka ba abin wasa ba ne. Wanda ya haura shekara 5 bai yi allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora ba ya je a yi masa, kuma in wurin ya kumbura, ya yi ja, yana zafi bayan kwana ɗaya ko biyu, kada a tsaya shafe-shafe a gida.

A gwangwanina yanzu kashi biyu ne. Na mamari da na manyan kifi suna nan da kunnuwansu. Na fatsar hannu, da duk wadda zan miƙa wa yaro, da wadda zan yi aiki da ita da dare a kwalekwale mu biyu ko uku, a danne suke. Kai ma fita ta gaba ka ɗauki ƙugiya goma, ka danne biyar, ka yi yini guda kana musanya su a sanda ɗaya, ka ƙirga abin da kowace ta kawo gaɓa. Filayar dai kada ka bar ta a gida.